Finjali Ɗaya a Shagon Magdalene

Unguwar Dagiri,
Gwagwalada, Abuja.
Litinin, 7 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Gwaggona, Hajiya Hadijatu,
Hausari, Maiduguri.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ɗanki ne Abdulbaƙi Maude, mai digiri na farko a fannin kimiyyar abinci da sakamako mai daraja, wanda ya kammala hidimar ƙasa a cibiyar binciken kimiyya ta Sheda a watan Maris da ya gabata. Na gabatar da wannan bayani ne domin ki tabbatar cewa mai tambayar ya san nauyin abin da yake tambaya, kuma sai da ya ƙure iyakar iliminsa kafin ya ɗauki alƙalami. Maƙasudin wasiƙar guda ɗaya ne tak. Ina neman cikakken bayani, a rubuce, kan yadda Kaka, mahaifiyarku ke da Baba, take haɗa gahawa da yadda ake shan ta, tun daga hura gawayi har zuwa lokacin da ya halatta baƙo ya miƙe.

Bayan haka, ina miƙa gaisuwa ta ladabi da girmamawa, tare da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Allah Ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, Ya ƙara miki tsawon rai mai albarka, Ya bar mana ke a matsayin babbar da ta rage mana. Na san Nabilah ce za ta karanta miki, don haka ina roƙon ta da ta karanta a hankali, kada ta tsallake kalma don ta ga ta yi mata tsawo, kuma ta ajiye dariyarta sai ta kai ƙarshe. Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Damina ta kankama, zafin Gwagwalada ya ɗan saurara mana. Yaya Manniru da matarsa Rakiya suna Karu, yarinyarsu ta fara rarrafe. Ni kuwa na aika takardun neman aiki wurare bakwai, har yanzu shiru, amma wannan ba shi ne abin da ke hana ni zama wuri ɗaya ba.

Baba ne, Gwaggo. Kin san tun rasuwar Inna, wata takwas ke nan, muka ɗauko shi daga Azare ya dawo wurina. A waya yana ce miki lafiya lau, kuma ko ni na tambaye shi amsar ke nan. Alal haƙiƙa, ba ya fita sai ranar Juma'a. Yana zaune kan darduma, carbi a hannu, rediyo a kashe. Likita ya duba shi ciki da waje, ya ce hawan jinin ya daidaita, jikin ba shi da wata matsala, abin da yake buƙata shi ne ya fita ya zauna cikin mutane. To, makonni biyu da suka wuce ya sanar da ni cewa ranar Lahadi ta ƙarshen wannan wata, 27 ga Yuli, zai koma Azare. Ke kin san gidan. Babu kowa a ciki, rufin ɗakin tsakiya yana yoyo, kuma mutumin da sai na tsaya a kansa yake shan magani, wa zai tsaya masa a can? Yaya Manniru ya zo takanas daga Karu ya yi ta roƙo, Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya ce ya ji, sannan ya tambaye shi ko akwatinsa yana buƙatar sabon kwaɗo.

A cikin wata takwas ɗin nan abu ɗaya kaɗai ya taɓa nuna yana so. Wata safiya cikin watan Mayu, da hantsi, yana kallon bango, ya ce rabonsa da ƙamshin gahawa tun ranar da aka kai Inna asibiti. Bai ce in nemo ba. Ni ne na ɗauki maganar a matsayin umarni. Na san Kaka ta zo da wannan al'ada daga Sudan, inda ta girma a hanyar aikin hajji, na san ta koya miki, ta koya wa Inna, kuma Inna ta yi wa Baba ita kowace safiya fiye da shekara talatin. Amma ni makarantar kwana ta cinye ƙuruciyata, in na zo hutu ma ba a ba yara, kuma ina amsa laifina cewa ban taɓa tsayawa na kalla ba. Da na kira ki a waya, kin yi dariya kin ce gahawa ba a waya ake koyon ta ba, citta a sa kaɗan, wuta a yi daidai. Gwaggo, da dukkan girmamawa, kaɗan da daidai ba ma'auni ba ne a kimiyyance.

Saboda haka na ƙuduri aniyar nemo shagon gahawa nagari a cikin garin nan. Na yi zaton garin da ke ɗauke da dubban ɗalibai da malaman jami'a ba zai rasa irin wannan wuri ba. Na tanadi littafi, na rubuta sharuɗɗa: a soya 'ya'yan gahawar a wurin, a niƙa su a lokacin da za a dafa, wurin ya kasance wanda dattijo zai iya zama ba tare da kiɗa ya kore shi ba, kuma keke mai ƙafa uku ya iya kai mu daga Dagiri cikin minti goma. Na fara da masu shayin bakin tsohuwar harabar jami'a. Mutanen kirki ne, amma duk wanda na ce wa gahawa sai ya yage 'yar leda ya zazzage gari a ruwan zafi, ya malala madara. Ɗaya daga cikinsu, da na yi masa bayanin bambancin garin leda da sabon niƙa, ya saurare ni da kyau, sannan ya tambaye ni ko da burodi zan sha ko da ƙwai.

Daga nan aka kwatanta mini wani wuri mai ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Suna da inji mai ƙyalli wanda aka ce daga Turai aka kawo shi. Zuwana uku, sau biyu babu wuta, janareta kuma ba ya ɗaukar injin. A karo na uku na samu, aka zana mini hoton ganye a kan kumfa, na kurɓa na ji ɗacin ƙonewa da warin tsohon buhu. Ɗaliban da suka cika wurin cajin waya da intanet suka kawo su, kowa da lemon kwalba a gabansa. Na rubuta tsokaci mai shafi biyu na miƙa wa manajan, ya karɓa ya ce oga ya gode. Akwai wani a Unguwar Dodo da allonsa ya ce gahawa, na shiga na tarar shinkafa da taliya kawai ake sayarwa, allon na mai shagon da ya tashi ne. Har cikin birni na shiga, Wuse, inda na sha gahawa mai kyau ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma tafiyar awa guda ce da cunkoso, kuma kujerunsu dogaye ne masu ƙafa ɗaya, irin waɗanda in Baba ya hau sai an sauko da shi. Makonni uku ina wannan zirga-zirga, littafina ya cika da soke-soke.

Wurin da na samu daga ƙarshe, ba littafin ne ya kai ni ba. Wata safiya na je unguwar Kutunku karɓar ɗinki, ruwa ya tsare ni a rumfar tela, sai iska ta kawo mini wani ƙamshi da ya sa na ga tsakar gidanmu na Azare a gabana, har da igiyar shanya. Na bar telan da wandona a hannu, na bi lungun cikin ruwan. A bayan layin teloli akwai wani ɗan shago marar allo, tebura huɗu, benci biyu a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, da wata mata tana juya 'ya'yan gahawa a kasko bisa gawayi. Sunanta Magdalene, mutuniyar Gembu ce a tsaunin Mambila, za ta yi shekara hamsin. Daga gonar ƙaninta ake aiko mata da gahawar, ita take soyawa, ita take dakawa a turmi. Masu zuwa wurin malaman jami'a ne da suka yi ritaya, da ma'aikatan jinya da suka tashi daga aiki, da ɗaliban da ke son karatu cikin natsuwa. Babu kiɗa. Duk sharuɗɗana sun cika, har da na keke.

Na gabatar mata da kaina kamar yadda na gabatar miki a sama. Ta dube ni daga jiƙaƙƙen takalmina zuwa kaina, ta ce Furofesa ya zauna tukuna kada ya jiƙa mata gawayi da iliminsa. Tun ranar sunan ya bi ni. Washegari na koma da ma'aunin zafi da ƙaramin sikeli, na ce zan taimaka mata ta daidaita aikinta bisa ƙa'ida. Ta bar ni na tsoma ma'aunin, sannan kafin in karanta ta faɗi cewa ruwan bai kai ba, saura kaɗan, daga jin ƙarar tukunyar kawai. Na duba, haka ne. Na mayar da kayana jaka.

Da na ba ta labarin Baba, ta yarda ta gwada da citta kamar yadda kika faɗa. Na zuba a fulas na kai gida, ya sunsuna, ya ce Allah Ya yi albarka, ya ajiye. Na ɗauka cittar ce ta yi yawa, aka rage. Ya ajiye. Aka ƙara kanumfari, aka canja soyi, sau huɗu ina ɗaukar fulas tsakanin Kutunku da Dagiri kamar mai kai samfur ɗakin gwaji, sau huɗu ina zubar da ita da yamma. A na biyar Magdalene ta riƙe fulas ɗin ta ƙi cikawa. Ta ce ita ba za ta ƙara ɓata gahawar ƙaninta ba, tsohon nan ba baƙin ruwan kawai yake nema ba, in ina da kai ban da digiri in kawo shi ya zauna.

Kwana biyu ina lallashi. Ranar Asabar, 28 ga Yuni, na fito wanka na tarar ya sa babbar riga da hula, yana zaune a bakin gado da wani ƙunshi a cinyarsa. Gwaggo, jabanar Inna ce, tukunyar ƙasar nan mai dogon wuya. Ashe tun daga Azare ya naɗe ta cikin tsohon rawani ya sa a ƙasan akwati, wata takwas ban sani ba. Muka hau keke.

Abin da ya faru a ƙarƙashin mangwaron nan zan faɗe shi dalla-dalla, domin a nan matsalar take. Magdalene ta karɓi jabanar da hannu biyu, ta ce ba ta taɓa dafawa a irinta ba, Baba ya koya mata. Ya koya mata kuwa. Ya ce ta soya a gabansa, da hayaƙi ya tashi ta kawo kaskon kusa, ya sa tafin hannu ya jawo hayaƙin zuwa fuskarsa sau uku, idonsa a rufe. Ya ce a daka cittar tare da gahawar, kada a zuba ta daga baya. Ya nuna mata yadda ake toshe bakin jabana da zaren kaba don ya tace. Ya yi mata faɗa kan riƙon taɓarya, ta ce ai Baba ya fi Furofesa iya koyarwa, shi ko takarda bai kawo ba. Baba ya yi dariya. Na ji ta da kunnena. Wani dattijo mai suna Bartholomew, tsohon malamin tarihi, ya jawo bencinsa kusa, Baba ya fara ba shi labarin yadda Kaka ta dawo daga gabas a bayan babbar mota da jabana a cikin zani. A cikin rabin awa ya yi maganar da ta fi ta wata takwas. Aka zuba masa a ɗan finjali, ya sha a hankali, ya ajiye finjalin a kan faranti, ya ɗan tura shi gaba, ya gyara zama.

A nan ne na miƙe. Tun a gida na yi lissafin abin da mai hawan jini zai iya sha na sinadarin da ke cikin gahawa, na yanke cewa finjali ɗaya ne iyaka. Na ce wa Magdalene ta sauke tukunya, an gama. Na yi wa jama'ar wurin taƙaitaccen bayani kan illar sinadarin ga jijiyoyin jini, na kira mai keke, na kama hannun Baba. Ya dube ni, ya dubi jabanar da ke kan wuta, ya tashi. Labarin da yake bayarwa bai ƙarasa ba. Har muka iso gida ina ta murna a raina cewa bincikena ya yi nasara. Washegari na ce mu koma, ya ce a'a. Washegarin wannan ma haka. Ko jabanar bai tambaya ba, tana can wurin Magdalene, ta wanke ta ta kife a kan kantar shagon.

Da na koma ni kaɗai, Malam Bartholomew ne ya zaunar da ni. Ya ce shi bai san al'adar gidanmu ba, amma ya taɓa zama a ƙasashen gabas, kuma a inda ya zauna ba a tashi bayan finjalin farko. Ana ƙara ruwa a kan garin nan dai a mayar kan wuta, a zuba na biyu, a sake a zuba na uku, kowanne da sunansa, kuma wanda ya miƙe kafin na ƙarshe tamkar ya ce bai yarda da masu gidan ba. Magdalene ta ce ita tun da ta ga tsohon ya tura finjali gaba ta san jira yake, har ta ɗauko ruwa, amma Furofesa yana tsakiyar lacca, wa ya isa ya katse shi. Gwaggo, ilimin da nake taƙama da shi ya isa ya gaya mini cewa garin da aka dafa sau biyu ƙarfinsa ya ragu, na uku kuwa kusan ruwan ɗumi ne mai ƙamshi. Na koma wurin likita na tambaya, ya ce ƙananan finjalai uku irin waɗannan, sau ɗaya a rana, ba za su cutar da shi ba. Wato na tashe shi daga zama na farko da ya yi cikin mutane saboda haɗarin da babu shi.

Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ni yaro ne, ba a koya mini ba. Na roƙe shi ya koya mini abin da ya rage. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce shi sha kawai ya iya, bai taɓa lura da abin da ake yi tsakanin finjali da finjali ba, akwai abin da Inna takan ƙona, akwai abin da takan faɗa in ta zuba na ƙarshe, ya neme shi a kansa ya rasa. Ya ce Hadijatu ta sani. Daga nan ya juya ya fuskanci bango. Tun ranar ba na iya zama. Ina zagaya tsakar gida, ina zuwa Kutunku in dawo ba tare da na sha komai ba, ina ganin akwatin nan a bakin ƙofa da sabon kwaɗonsa.

Bisa ga haka, ga abin da nake buƙata daga gare ki. Finjali nawa Kaka take zubawa, kuma mene ne sunan kowanne a bakinta? Wane turare ake ƙonawa, kuma a wane lokaci? Ana ci da wani abu, dabino ko gugguru, ko kuwa haka ake sha? Wa ake fara miƙa wa? Me ake faɗa a kan na ƙarshe, kalma da kalma, ko da Larabcin Sudan ne, Nabilah ta rubuta shi yadda ya fito daga bakinki. Sannan, wanda ya yi laifin tashi kafin lokaci, akwai yadda ake gyarawa, ko kuwa sai dai a sake daga farko? Kada ki ce kaɗan, kada ki ce daidai. In cokali ne a ce cokali, in tafin hannu ne a faɗi na wa.

Magdalene ta yi alkawarin ajiye mana bencin ƙarƙashin mangwaro ranar Asabar, 26 ga Yuli, da hantsi, kwana ɗaya kafin tafiyar da Baba ya sa. Malam Bartholomew ya ce zai zo, domin yana son jin inda babbar motar nan ta sauke Kaka. Ban ce gahawa za ta warware akwati ba. Abin da na sani shi ne, mutumin da ke da benci da abokin hira da labarin da ake jira ya ƙarasa yana da dalilin ƙara mako guda, kuma ni a yanzu mako guda nake nema. In na gaya masa cewa takardarki ta iso, na tabbata zai sa hula.

Ki gaishe mini da Alhaji Salisu, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ina gaida Hasana da yaranta, da Amir in ya dawo daga makaranta, da Najwa wadda har yanzu ban ga hoton ɗaurin aurenta ba. Nabilah, na gode da karatu, yanzu kina iya dariyarki. Yaya Manniru da Rakiya suna gaishe ku. Baba bai san na rubuta ba.

A ƙarshe, ina buƙatar amsa a rubuce, da sa hannunki ko dangwalen yatsanki, ta iso hannuna kafin faɗuwar ranar Laraba, 23 ga Yuli, domin Magdalene ta samu kwana biyu ta gwada. Ɗangoggo direba, wanda ya kawo miki wannan, yana tasowa daga Maiduguri kowace Talata, a ba shi hannu da hannu. Ba zan karɓi saƙon baki ba, ba zan karɓi kiran waya ba. Idan kuwa kin duba kin ga abin ba zai rubutu ba, to na riga na yi magana da Ɗangoggo, kujerar gaba taki ce, mai wurin miƙe ƙafa. Jabanar tana nan a wanke.

Ɗanki mai biyayya,
Abdulbaƙi Maude.